Kifin bakan-gizo na Boesemani ya ƙi yin launi, ina matsalar?

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da kifin bakan-gizo guda huɗu, irin da ake kira Boesemani, tsawonsu santimita 4. A hoto gabansu shuɗi ne, bayansu ruwan lemo, amma nawa toka-toka ne kawai. Jabu aka sayar mini, ko ruwan ne bai karɓe su ba? Akwatin gilashin santimita 60 ne, ruwan na'urar tacewa ta kicin nake zuba musu.

Abu Hafsa, Makka:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ƙanana ne, haka suke. Launin ba ya cika sai sun doshi shekara. Namiji in ya girma yakan kai santimita 10 zuwa 11, gadon bayansa ya yi tudu, daga kai zuwa tsakiya shuɗi mai duhu, daga tsakiya zuwa wutsiya rawaya mai ja-ja, kamar an haɗa rabin kifi biyu. Mace ta fi siranta, launinta kuma dusashe ne. Duba bayansu, za ka ga fiffike biyu a jere, na gaba gajere. Da sassafe maza suka fi nuna ado.

Amma ruwanka ne abin dubawa. Asalinsu tafkunan Ayamaru ne, a Papuwa ta Kudu maso Yamma cikin Indunusiya, kuma a 1980 masana kifi Allen da Cross suka yi musu suna. Yankin na dutsen farar ƙasa ne, ruwansa garau, ga ciyayi, ga ma'adinai, pH ɗinsa (ma'aunin tsamin ruwa, ƙaramar lamba na nufin tsami ya yi yawa) daga 7 zuwa 8. Na'urar kicin kuwa tana tsame kusan duk ma'adinan, sai pH ya riƙa faɗuwa ba zato, kifi ya naɗe fiffike ya ƙi ci. Sa dakakken murjani, wato dutsen teku mai ma'adinai, cike da hannu a ƙaramin buhun raga, ka cusa cikin filta. A hankali yake narkewa. Ka gwada pH bayan mako.

Umm Yusra, Madina:
Ƙari a kan na Malam Abu Hafsa: zafi. Suna son digiri 26 zuwa 29. Da bazara ruwan tankin saman gida yana fitowa da zafin da hannu ma ke ji, kada ka zuba shi kai tsaye. Tara a bokiti, ɗiga maganin cire kulorin (sinadarin da ake tsabtace ruwan famfo da shi), ya kwana a ɗaki mai AC. Canja kashi ɗaya cikin huɗu duk mako. In ka gan su a sama suna haki, iska ce ta yi ƙaranci, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe ta sosai. Ƙara dutsen kumfa, wanda ake haɗawa da famfon iska ya riƙa busa kumfa cikin ruwan. Kuma a rufe akwatin, suna tsalle.

Baba Mai Kifi:
Yaro, santimita 60 ya yi musu kaɗan. Masu gudu ne, nemi mai tsawon 120, ciyayi a baya da gefe, tsakiya fili. Huɗu ma ba garke ba ne, a kai shida ko takwas, mata su fi yawa, in ba haka ba namiji ɗaya zai takura wa mace guda har ta rame. Maƙogwaronsu ƙarami ne, a murtsuke abincin, sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. A mazauninsu na asali an sa su cikin jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa saboda yawan kamu, don haka ka nemi mai shago ya ba ka waɗanda aka haifa a wurin kiwo, ba waɗanda aka kamo daga tafki ba.

Ɗan Jidda:
Allah ya saka da alheri. Baba, in na samu babban akwatin, tsohuwar filtar zan mayar ko sabuwa?

Baba Mai Kifi:
Tsohuwar, da sosonta yadda yake. Kada ka wanke shi da ruwan famfo, kulorin zai kashe ƙwayoyin da ke cinye dattin kifin.