Ƙanwata ta san karatu, amma fargaba na neman raba ta da jami'a

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan ƙanwata. Daga Daura muke, tana aji biyu a jami'a a Katsina. Yarinya ce mai kai, amma da malami ya ce ta tashi ta yi bayani gaban aji, sai gabanta ya hau dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe da gumi, murya ta maƙale. Daren jarrabawa kuwa ba ta runtsawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ta raina kanta. Ko kallonta aka yi sai ta ce dariya ake mata, wai kowa ya fi ta. Hajiyarmu ta ce kunya ce, za ta wuce. Ni dai ban yarda ba, don kunya ba ta hana mutum cin abinci. Mun yi addu'a, mun lallasa, faɗa ma an gwada, sai ƙara shiru da ta yi.

In kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya wajen likitan ƙwaƙwalwa, ko mai ba ɗalibai shawara a makaranta ya isa? Kuma yaya zan ɓullo mata da zancen kada ta ɗauka hauka nake jingina mata?