Kuɗin Amurka da matasan Tibet: horo ne ko kiwo?

Alhaji Mai Yadi: Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ya tsaya min a rai tun jiya. Ashe gwamnatin Amurka tana da shiri na musamman da take ware wa kuɗi don ɗibar matasan ƙasar Tibet, masu ƙananan sana'o'i da ma'aikatan ƙungiyoyi, a kai su can na 'yan makonni, wai a koya musu shugabanci da dabarun kasuwanci. Ɗan ƙanena ya yi ta cike-ciken neman irin wannan tafiya a wurare daban-daban har ya gaji, ko amsa ba a ba shi ba, ga wasu an yi musu nasu ƙofar daban. Ni dai na ce wannan ba taimako ba ne, kiwo ne. Ana kiwon su ne don a riƙa tsokanar Chaina da su. Wanda yake ganin ba haka ba ne ya fito.

Malam Habu: Wa'alaikumus salam. Alhaji, a gyara wuri ɗaya tukuna. Ka ce "ƙasar Tibet". Tibet ba ƙasa ba ce, yanki ne a cikin Sin, tun 1965 ma aka ba shi matsayin yanki mai cin gashin kansa. Babu gwamnatin da ta amince da shi a matsayin ƙasa, har ita Amurkar.

Ɗalibin Delhi: Allah gafarta Malam, to kafin 1950 mene ne? Daga 1913 zuwa 1950 suna da gwamnatinsu a Lhasa, babban birninsu, da kuɗinsu, da sojojinsu. Sojojin Chaina suka shiga a 1950, aka sa wakilansu suka sa hannu a yarjejeniya a 1951, a 1959 jagoransu Dalai Lama ya tsere zuwa Indiya. Idan an ƙwace wa mutum gida, gidan ya daina zama nasa ke nan?

Malam Habu: Ƙanena, kai da kanka ka ce sun sa hannu.

Ɗalibin Delhi: Da bindiga a ka, Malam.

Malam Habu: Kana wurin?

Baban Ummi: Ni ban ga abin faɗa a nan ba. Ai muna cewa ƙasar Hausa, muna cewa ƙasar Katsina. Waye ya taɓa ganin tutarsu a Majalisar Ɗinkin Duniya?

Malam Habu: Wannan daban. Katsina ba ta da gwamnatin gudun hijira mai shugaba da majalisa irin wadda 'yan Tibet suke da ita a Dharamsala ta Indiya. Idan ka ce "ƙasa" a kan Tibet, ka ɗauki ɓangare ko ka sani ko ba ka sani ba.

Alhaji Mai Yadi: Malam, ni fa ɓangarenku nake, suɓutar baki ce. Yanki ne. Amma ba wannan na tambaya ba.

Ɗalibin Delhi: Alhaji, ranka ya daɗe, ba suɓutar baki ba ce, gaskiya ce ta fito kafin ka tuna da kwantenarka da ke Gwanzu a Chaina.

Alhaji Mai Yadi: Yaro, kwantenata da gumina na saye ta, ba wanda ya ba ni kyauta. Ka iya bakinka. Na haifi wanda ya girme ka.

Ɗalibin Delhi: A yi haƙuri Alhaji, na janye maganar kwantena. Maganar ƙasa kam ban janye ba.

Hajiya Maman Hanif: Ku bari in koma kan tambayar. Shirin da Alhaji yake nufi sunan Ngawang Choephel aka sa masa. Mutumin mai binciken waƙoƙin gargajiya ne, ya yi karatu a Amurka, ya koma Tibet a 1995 yana ɗaukar waƙoƙi da raye-raye a bidiyo. Aka kama shi, aka yanke masa shekara 18 bisa zargin leƙen asiri, sai 2002 aka sake shi. Kuma kuɗin ba a hannun matasan ake danƙa shi ba. Jami'o'i da ƙungiyoyin Amurka ne suke nema, wanda ya ci shi yake shirya tafiyar.

Alhaji Mai Yadi: To Hajiya ai kin kawo min hujja. Shiri da sunan wanda aka ɗaure kan leƙen asiri! Ruwa ba ya tsami banza. Ba CIA ce ta horar da mayaƙan Tibet a Kolorado ba, ta riƙa jefa musu makamai ta jirgin sama? Da Nixon ya shirya da Mao ya je Beijing a 1972 kuma aka watsar da su.

Hajiya Maman Hanif: An yi haka, ban musa ba. Amma zargi ba hujja ba ne, kuma mai koyon lissafin riba da faɗuwa ba maharbi ba ne. Daga 2014 matasan Najeriya da Nijar suka riƙa zuwa Amurka mako shida a shirin Mandela Washington. Su ma kiwon su ake yi? Chaina ba ta gayyatar 'yan jaridarmu da jami'an gwamnatinmu?

Baban Ummi: Su ma kiwo ne. Duka kiwo ne.

Ɗalibin Delhi: Ku zo Majnu-ka-Tilla, unguwar 'yan gudun hijirar Tibet a nan Delhi, ku ga waɗanda ake magana a kansu. Lungu ne matsattse, mutum biyu da ƙyar suke giftawa, shago a kan shago. Da sanyi ya shigo iyayen sukan ɗauko rigunan sanyi bashi daga masaƙun birnin Ludhiana, su bazu garuruwa suna kasawa a rumfuna wata uku ko huɗu, abin da aka samu shi za a ci har shekara ta zagayo. Akwai wata da nake sayen abinci a wurinta, a Indiya aka haife ta, a Indiya aka haifi uwarta, amma takardar zaman baƙo take sabuntawa. Irin wannan idan an koya mata yadda za ta tsara jarinta ta buɗe reshe na biyu, wa ta cuta?

Malam Habu: To ta karɓi takardar zama 'yar Indiya mana, ko ta koma gida. Chaina ta kai musu jirgin ƙasa har Lhasa tun 2006.

Ɗalibin Delhi: Jirgi ba ya maye gurbin harshe, Malam. Ka tambayi yadda ake kwashe yaransu zuwa makarantun kwana ana koyar da su da Sinanci.

Sarkin Yaƙi: Ni mamaki kuke ba ni. 'Yan Buda ne fa kuke wa wannan kuka. Kun manta abin da aka yi wa Musulmin Rohingya a Myanmar?

Hajiya Maman Hanif: Haba Yaya, Myanmar daban, Tibet daban. A 2017 shi kansa Dalai Lama ya fito ya ce da Buda yana nan da ya taimaki Rohingya. Kuma akwai Musulmi 'yan Tibet, da masallacinsu a Lhasa tun ɗaruruwan shekaru. In kuwa Musulmi ne damuwarka, ina maganar Musulmin Uyghur a Xinjiang ta Chaina?

Sarkin Yaƙi: Wannan farfagandar Turawa ce.

Hajiya Maman Hanif: Ta Rohingya kuma daga wace kafa ka ji ta?

Sarkin Yaƙi: Amurkar da take ba Isra'ila makamai ce za ta koya wa wani tausayi?

Alhaji Mai Yadi: Faɗa musu dai. Chaina ko ba komai ta yi mana layin dogo na Abuja zuwa Kaduna, muna hawa.

Baban Ummi: Da bashi, Alhaji. Jikokinmu ma sai sun biya.

Alhaji Mai Yadi: Bashin da ka ga abin da aka yi da shi ya fi kyautar da ba ka san me ake nema da ita ba.

Malam Habu: Tunda ni ke kula da zauren nan, bari in taƙaita, dare ya yi. An fahimci cewa Tibet yanki ne na Sin ba ƙasa ba, Alhaji ma ya gyara. An tabbatar Amurka ta taɓa amfani da mutanen nan ta yar, saboda haka zargin Alhaji yana da tushe. Sauran maganganun tausayi ne, kuma tausayi ba hujja ba ne. A rufe a nan.

Ɗalibin Delhi: Malam, wa ya fahimci haka? Kai kaɗai ne. Tambayar Hajiya kan shirin Mandela babu wanda ya amsa in ban da Baban Ummi, ita ma ba ka sa ta a taƙaitawar ba.

Hajiya Maman Hanif: Ta Uyghur ma an tsallake ta.

Alhaji Mai Yadi: Ni kuma har yanzu ba wanda ya faɗa min dalilin da ya sa ɗan ƙanena yake zaune a gida.