Shawarwarin da suka fito daga zaman tattaunawa kan binciken gadon cututtuka a Gombe

Ma'aikatan lafiya da ɗaliban da suka zauna a Gombe sun fi daɗewa kan abu ɗaya: idan aka rubuta wa yaro uban da ba shi ya haife shi ba, lissafin gadon cuta a gidan gaba ɗaya ya karkace.

A wurinmu riƙo ne ya fi jawo haka. Yaro ya tashi a hannun baffansa, yana kiransa Baba, mai cike takarda ya rubuta hakan. Shawarar ita ce a tambayi dattijuwar gidan cikin ladabi wa ya haifi wa, a kuma bambance shaƙiƙai da 'yan uba.

Sai batun sikila, wanda ni ya fi damuna. Iyaye AS da AS, wato masu ɗauke da gadon sikila ba tare da cutar ba, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS, wato mai cutar sikila. Amma idan gwaji ya nuna uba AA, wato ba ya ɗauke da gadon sikila, ɗa kuma SS, kada a yi gaggawar zargin uwa. Ana iya yin kuskure a ɗakin gwaji, ko uban yana ɗauke da talasemiya, wata cutar jini ta gado, wadda gwajin farko bai kama ba. A sake gwajin a wani wuri.

Kuma tun kafin ɗibar jini a sanar da iyali abin da sakamako zai iya bayyanawa, a riƙe musu sirri.