Maƙwabcina ya ce in sa sunan jaririna a layin tikitin Packers, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan da aiki ya kawo ni Green Bay a jihar Wisconsin, kuma makon jiya Allah ya sauki iyalina lafiya, an samu ɗa namiji. Maƙwabcinmu, wani dattijo Bature mai kirki, ya shigo barka da 'yar riga kore da ruwan ɗorawa, ya ce kada in bari wata ya ƙare ban rubuta sunan yaron a layin masu jiran tikitin kakar wasa na Packers, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garin nan, ba. Ya ce idan an yi sa'a, yaron zai samu kujera bayan shekara 30 ko fiye. Da gaske yake, har idonsa ya kawo ruwa. Ni ƙwallon da na sani ita ce ta ƙafa, wannan ta rungume ƙwallo a ruga ban fahimce ta ba. Ba na son in watsa wa mutumin ƙasa a ido, amma kuma ba na son in sa ɗana cikin abin da ban san tushensa ba. Waɗanda suka daɗe a nan, me kuka gani?

Amsar wani dattijo daga Milwaukee:
Wa alaikumus salam, angon ƙarni. Allah ya raya, ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne. Ƙanena, mutumin nan girmama ka ya yi. Bari in ba ka asali. A 1919 Curly Lambeau da George Calhoun suka kafa ƙungiyar, kamfanin sarrafa nama da Lambeau ke wa aiki ya ba da dala 500 aka sayi kayan wasa, daga nan sunan Packers, wato masu shirya nama a gwangwani, ya samo. A 1921 suka shiga gasar da ta zama NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Ƙungiyoyin ƙananan garuruwa na wancan zamani duk sun mutu ko sun koma manyan birane, wannan kaɗai ta tsira, domin duk lokacin da talauci ya kama ta mutanen gari ne ke haɗa kuɗi su sayi hannun jari: 1923, 1935, 1950. Har yau ba ta da attajiri guda da ya mallake ta, masu hannun jari sun haura 500,000. Garin da kake ciki mutanensa ba su fi 107,000 da 'yan kai ba, amma filin Lambeau na ɗaukar kusan 81,000, kuma tun 1960 tikitin kowane wasa ƙarewa yake yi. To ka ga dalilin layin. Sa suna kyauta ne, kuma ba dole a kanka ranar da layi ya zo. Ka sa.

Amsar wata 'yar uwa daga Madison:
Barka da arziki, a gaida mai jego. Na goyi bayan Baba, sai dai ka shiga da idonka a buɗe. Ranar wasa tun da hantsi ake cika wajen ajiye motoci ana gashi, giya da tsiran naman alade ne suka fi yawa. Mu da yara muna cin abincinmu a gida mu tafi. Ka duba lokacin salla kuma, wasa ɗaya yakan ci awa uku. In kana son ɗanɗana ba tare da wannan hayaniyar ba, jira atisayen bazara. Kallo kyauta ne, kuma yaran gari kan kawo kekunansu 'yan wasa su hau zuwa filin atisaye, yaron na biye da hular kwano a hannu. 'Yata ta yi shekara tana ba da labarin ranar da aka hau nata.

Amsar wani matashi daga Appleton:
Yaya, in za ka zauna da maƙwabcin nan, tambaye shi Vince Lombardi kawai ka yi shiru. Ya karɓi ƙungiyar a matsayin mai horarwa a 1959 bayan kakar da ta ci wasa ɗaya tak, ya ɗauko kofi biyar cikin shekara bakwai, har da Super Bowl, wasan ƙarshe na fitar da zakara, na farko da na biyu. Kofin da ake ba zakara yanzu sunansa yake ɗauke da shi. Wasan da tsofaffi ba sa gajiya da shi shi ne na 31 ga Disamba 1967 da Dallas Cowboys, sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili, fili ya daskare, usur na manne wa alƙalai a leɓe. Saura daƙiƙoƙi a tashi Bart Starr, jagoran 'yan wasan Packers, ya kutsa da ƙwallo da kansa, aka tashi 21 da 17. Abin da ya fi burge ni shi ne bayan Lombardi sun yi kusan shekara 30 ba kofi, kuma filin bai daina cika ba, sai kakar 1996 da 'yan wasa Brett Favre da Reggie White, sannan 2010 da Aaron Rodgers. Jimilla kofi 13, babu ƙungiyar da ta kai su.

Amsar wani ɗan uwa daga Chicago:
Ni ƙungiyar Chicago Bears nake goyon baya, abokan hamayyarku tun 1921, amma gaskiya ɗaya ce. Gargaɗina biyu ne. In an sake buɗe sayar da hannun jari (na 2021 dala 300 ne), kada ka ɗauke shi kasuwanci: ba riba, ba ka iya sayar wa wani, takarda ce da ƙuri'a a taron shekara. Na biyu ya fi muhimmanci. Kallo daban, bugawa daban. Yaron da ya tashi a garin nan wata rana zai ce zai buga, kuma raunin ƙwaƙwalwa daga yawan karo gaskiya ne. Ku fara shawara da mahaifiyarsa tun yanzu. Akwai nau'in da ake cire ƙyalle daga ƙugu maimakon kayarwa, nawa shi suke yi.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa uwargida duka, ta ce a sa sunan, maganar bugawa kuma sai ya yi wayo. Na gayyaci maƙwabcin walimar suna ranar Asabar, ya ce zai zo da hoton mahaifinsa a filin ranar wasan sanyin nan. Yaya ta Madison, in bazara ta zo zan neme ku mu je atisayen tare.