Neman shawara: zan iya kafa hujja da maganar mai tsoro?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta kundin kammala digiri a kan binciken da Bishop Jacques Fournier na Pamiers, a kudancin Faransa, ya yi wa 'yan Kathar daga 1318 zuwa 1325. Mutanen nan sun yi imani cewa mugun iko ne ya halicci duniyar da muke gani, shi ya sa cocin Katolika ta ɗauke su ɓatattu. Abin da ya hana ni barci shi ne, manoma da makiyayan ƙauyen Montaillou da yarensu na Oksitan suka yi magana, magatakarda ya rubuta da Latin, kuma a gaban mutumin da zai iya jefa su kurkuku. Anya gaskiya suka faɗa? Ko in canza maudu'i?

Amsa ta 1: Wa alaikis salam. Kada ki canza, 'yata. Ki raba abin da bishop ya tambaya da abin da ya suɓuce wa mai shaida a tsakiyar zance. Makiyayi Pierre Maury ya yi ta ba da labarin tumakinsa da yadda yake tsallake duwatsun Pyrenees zuwa Kataloniya. Me zai samu in ya yi ƙarya a nan? Amma da zarar an zo kan aƙida, ki taka a hankali, domin can ne wuyansa yake.

Amsa ta 2: Malam, a gafarce ni, ba tsoro kaɗai ba ne, akwai gaba. Pierre Clergue, limamin cocin ƙauyen, shi kansa ɗan Kathar ne a ɓoye, yana kuma kai ƙarar abokan hamayyar gidansu. 'Yar'uwa, kafin ki yarda da kowace shaida, ki fara gano wa ke faɗa da wa.

Amsa ta 3: Ki kula da kuskure ɗaya, wato ɗauka cewa Fournier ne ya ƙona Guillaume Bélibaste, wani malamin 'yan Kathar. Bélibaste da aka ƙona a 1321, a ƙauyen Villerouge-Termenès aka ƙona shi, ƙarƙashin babban bishop na Narbonne. Yawancin waɗanda Fournier ya hukunta kurkuku suka sha, ko aka sa su ɗinka gicciye ruwan ɗorawa a tufafinsu. Shi kuwa Fournier a 1334 ya zama Fafaroma Benedict na 12, kundin binciken nasa yana Fadar Vatican har yau.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Da gidan Clergue zan fara, gobe in sha Allah.