Gwiwar hannu ta goce, likita ya ce sai an yi aiki

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan zaure. Don Allah wa ya san ƙwararren mai ɗori? Autanmu ne ya faɗi a filin ƙwallo, ya dafa ƙasa da hannun dama, gwiwar hannun ta goce. Yau sati 6 ke nan. An kai shi ɗori sau biyu, kumburi ya saɓe amma hannun ya sandare a miƙe, ko loma ba ya iya kaiwa baki. Jiya muka yi hoto, likita ya ce sai aiki. Inna kuwa ta ce ba mai yanka mata ɗa.

Ɗan Fagge: Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya.

Hajiya Babba: Akwai wani tsoho a garinmu, gado ya yi. Tofi kawai da man shanu. Bari in nemo miki kwatance.

Kawu: Hajiya, ki yi mini afuwa, amma a nan zan sa baki. Yarona yana shekara 13 ya faɗo daga bishiyar mangwaro. Da hannuna na kai shi ɗori. Ƙarti uku suka danne shi, aka ja, aka ja, har ya daina kuka sai nishi. Aka ɗaure da kara, duk bayan kwana uku a kwance a murza. Sai wata safiya na ga ƙaramin yatsansa ya tashi da bororo, ashe jikin butar shayi ya taɓa bai ji ba. Ranar muka tafi hoto. Wani ɗan guntun ƙashi ne ya ɓalle daga gefen gwiwar na ciki ya faɗa cikin gaɓar, kamar tsakuwa ta shiga bakin ƙofa. Ko shekara za a yi ana ja, ƙofar ba za ta rufu ba. Sai da aka buɗe aka ciro shi, aka mayar da shi wurinsa aka kafe da waya. Muka yi watanni muna zaryar gashin ƙashi. Yatsan ya farfaɗo, alhamdu lillahi, amma har yau hannun bai miƙewa duka, in yana sujada za ki gane. Abin da ke ci mini rai, ni ne na riƙe masa ƙafa ranar da ake jan.

Hajiya Babba: To mu dai da ɗori muka tashi, ga mu da hannuwanmu.

Anti Nas: Hajiya, kowane ciwo da irinsa. Gocewa in sabuwa ce, galibi allurar barci ake yi a mayar cikin mintuna, a sa filasta sati ɗaya zuwa biyu, a fara motsawa. Amma in ta haura sati 3, nama ya riga ya cike gurbin, tsokar bayan dantse ta takure. Wanda ya ce zai mayar da ƙarfi, ƙashin zai karya. Yawan murza ma yakan sa ƙashi ya tsiro a cikin tsoka. Maman Biyu, tambaye shi, yana jin ƙaramin yatsa da na kusa da shi?

Bazazzagi: Ku zo asibitin koyarwa na Shika mana.

Ɗan Fagge: Ga Asibitin Ƙashi na Dala a bayan gida, sai mu ɗauki yaro zuwa Zariya? Ku dai ba ku ƙi kowa ya zo ya saya muku rake ba.

Bazazzagi: Bakano da lissafi. Kuɗin mota yake ji, ba hannun yaro ba.

 

Maman Biyu: Anti, ya ce yana ji amma kamar tafiyar kiyashi. Ni yanzu Inna ce matsalar.

Anti Nas: Jijiyar da ke kai ji ga yatsun nan ce ke kuka. Kada ku kai Litinin, ku tafi asibiti da hoton.

Kawu: Bar mini Inna, ai yayata ce. Bayan Magariba zan zo da yarona ta ga hannunsa da idonta.

Ɗan Fagge: Wai a wane fili ya faɗi? In na bayan makaranta ne, tun bara nake cewa a cike ramukan nan.