Za mu kai ɗalibai tafkin Pandam daga Jos: wane wata ya fi, kuma me za mu kiyaye?

Malama daga Rikkos:
Assalamu alaikum. Makarantarmu na shirin kai ɗalibai 18 da malamai 3 dajin Pandam, mu kwana ɗaya mu dawo. An tsayar da ƙarshen watan Maris. Yaran sun ƙwallafa rai a kan wanka a tafkin, sannan an ba mu dashen itacen turare guda 100 kyauta, muna so mu dasa su a bakin ruwa a matsayin gudummawarmu. Masu sanin wurin, don Allah ku ba mu shawara kan lokaci da hanya da kayan da za mu riƙe.

Baban Gandu:
Wa alaikumus salam, Malama. Fara da sauya watan in da hali. Jos tana kan tsayin mita 1,200 ne, Pandam kuwa tana can ƙasa a ƙaramar hukumar Qua'an Pan, ɓangaren kwarin Binuwai. Yaron da ya saba da sanyin Jos, ki sauke shi can a ƙarshen Maris, kafin azahar ya galabaita. Disamba zuwa farkon Fabrairu ya fi: hanyoyin cikin daji sun bushe, ciyawa ta kwanta, tsuntsayen ruwa sun taru a tafkin.

Hanya biyu ce. Ko ku sauka Hawan Kibo ku bi Akwanga da Lafiya ku kama titin Shendam, ko ku bi Mangu da Panyam ku faɗa Shendam ku juyo ta wajen Lafiya. Ku tambayi direbobin tasha wacce ta fi lafiya a satin tafiyar, don amsar tana sauyawa. Ku ware awa 5 zuwa 6, ku tashi da an idar da asuba, kada magariba ta riske ku a titi.

Dajin na gwamnatin Filato ne, an keɓe shi a 1972, faɗinsa murabba'in kilomita 224, kuma a 2008 tafkin ya shiga jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a duniya ta amince da muhimmancinsu. Ku rubuta wa hukumar yawon buɗe ido ta jiha takarda da wuri, ku nemi a haɗa ku da ma'aikacin gandu, a kuma faɗa muku halin da ɗakunan kwana suke ciki kafin ku dogara da su.

Ruwan sha lita 4 kowane mutum a yini. Ku 21 a kwana biyu lita 168 ke nan, wato jarka mai lita 25 guda 7. Tufafi masu dogon hannu, ruwan ƙasa ko kaki. Shuɗi da baƙi suna jawo ƙudan tsando, don haka in yunifom ɗinku shuɗi ne a bar shi a gida.

Sai dorina. Da rana tana cikin ruwa, da dare take fitowa kiwo, kuma hanya ɗaya take bi kullum. In kun ga wani lungu a ciyawar bakin tafki an tattake shi sumul da kashi a warwatse a jikin ganye, turbarta ce. Ba a kafa tanti a kai, ba a tsayawa tsakaninta da ruwa. Kwalekwale kuma sai da rigar ruwa ga kowa, in babu a haƙura.

Nas Mai Ritaya:
Maganar wanka a soke ta gaba ɗaya, Malama. Ban da kada da dorina, ruwan da ke kwance mai ciyayi shi ne gidan ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ba sai an sha ba, ta fata take shiga, alwala ko wanke ƙafa ma ya isa. Kuma ba ta nuna kanta nan take. Sai bayan makonni, wani lokaci watanni, yaro ya fara fitsarin jini, iyaye sun manta da tafiyar. Wanda ya faɗa ruwa bisa kuskure a tsane jikinsa da tawul nan da nan, a rubuta sunansa, a kai shi gwaji bayan wata biyu zuwa uku. Maganinta praziquantel ne, da nauyin jiki ake auna shi. Alwala a yi da ruwan jarka, ku ƙara jarka biyu saboda haka.

Abu na biyu kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe-da-nisa. Kudancin Filato na cikin yankunan da ta fi yawa. Ƙarama ce, kalar ƙasa, da yamma take yawo. Takalmi rufaffe da safa, tocila a hannun duk mai fita fitsari, kuma kada yaro ya ɗaga dutse ko gungume da hannu. In ta yi sara: ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa da roba. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, tsagar da aka yi ita ce za ta yi ta zuba. A cire zobe da agogo, a ɗaura wa gaɓar sanda kamar ta karaya, a ɗauki mutum zuwa mota. Cibiyar lafiya ta Zamko da ke wajen Langtang ta yi suna wajen maganin sara, amma da tazara, sai ku binciko tun daga Jos wane asibiti mafi kusa ne ke da allurar a hannu.

Mai Renon Itace:
Turaren nan dai, Malama, ku dasa shi a bayan katangar makaranta. An kawo shi Filato ne aka rufe filayen da haƙar kuza ta lalata, a can ya yi amfani. A bakin rafi kuwa yana zuƙar ruwa rani da damina, ganyensa ba ya ruɓewa da wuri, ƙarƙashinsa fayau. Kuma ba a shigar da baƙon iri dajin da aka keɓe, ko kyauta ne.

Abin da ke riƙe tafki irin wannan shi ne siririn kurmin da ke bin rafukan da ke zuba cikinsa: malmo, giyayya, maɗaci, kawo. Saiwarsu ke riƙe gaɓa, inuwarsu ke rage ƙafewa. Da an sare su, ko an yi noma har leɓen ruwa, ruwan sama na farko zai kwashe ƙasa ya zuba a tafki. Laka ta taru, zurfi ya ragu, takin zamanin da ya biyo ruwa ya ciyar da ciyayi, kifi ya rasa iska. Masu gawayi kirya suke nema, masu katako madobiya, wadda yawan saranta zuwa Sin ya sa aka sa ta ƙarƙashin takunkumin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da namun dajin da ke fuskantar ƙarewa. Ga masu zuba maganin ƙwari na Gamalin a ruwa don kashe kifi, da raga mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan kifi.

In kuna son dashe na gaske, da izinin masu gandun za a yi, kuma ba a Maris ba. Irin maɗaci ana tsintar sa da rani a shuka da wuri, don ba ya jure ajiya. Na kawo a ɗan kankare ɓawonsa a jiƙa kwana ɗaya. A rena a leda, a dasa a Yuni ko Yuli in ƙasa ta sha ruwa, rami santimita 40, tazara mita 3. Yawancin dashe ba fari ke kashe shi ba, wuta ce da shanu. Sai an share ciyawa mita ɗaya kewaye da kowane tsiro a Oktoba, an yi masa shingen ƙaya. Guda 20 da ke da mai duba su sun fi 100 da aka ɗauki hoto aka tafi.

Ɗan Laminga:
Ni da za a ji tawa, a fara da dajin Amurum, kilomita 15 kacal daga Jos. Hekta wajen 300 ne, duwatsu da kurmi a bakin rafuka, ga cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da aka kafa a 2001 tare da Jami'ar Jos. Babu tafki, gaskiya ne, amma duk abin da Mai Renon Itace ya bayyana yara za su gani da ido, har da yadda baƙon tsiron nan lantana ke mamaye bakin kurmi. A nemi izini, a isa ƙarfe 6:30 na safe, a kasa yara shida-shida, don mutum 20 a layi ɗaya ba tsuntsun da zai tsaya.

Malama daga Rikkos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Za mu nemi a mayar Janairu. Girki fa da bayan gida?

Baban Gandu:
Ku tafi da tukunyar gas mai kilo 12.5, kada ku tsinci itace. A Janairu ciyawa ta bushe ƙayau, ga iskar hunturu, garwashi ɗaya ya isa. Wutar Nuwamba saman ciyawa take lasa ta wuce, ta tsakiyar rani kuwa har cikin kurmi take shiga ta cinye ƙananan itatuwa. In babu masai, a haƙa rami santimita 20, taku 70 daga ruwa, a rufe da ƙasa. Wankin tukwane ma a wannan tazarar, a watsa ruwan sabulun a ƙasa. Ku ƙirga ledar fiyawata da robar da kuka shiga da su, ku fito da su a buhu. Abinci a kulle a mota, kuma kada kowa ya miƙa wa biri ko ɓawon ayaba, in ya saba da hannu sai ya koma ƙwace.